Bin Na Gaba Bin Allah Ne, Amma Har Ina?

 

Akwai wata 'yar gajeriyar magana da ba ta da wuyar fita daga bakin mutanenmu, ita ce "an ce mu yi". Ɗan sanda ya tasa ƙeyar wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, in ka tambaye shi dalili sai ya ce oda ce daga sama. Yaron shago ya buɗe buhu ya rage tiya biyu ya sake ɗinkewa, in an kama shi ya ce maigida ne ya sa shi. Mai unguwa ya sa hannu a takardar filin marayu, ya ce manya ne suka aiko. Saurayi ya ɗauki gora ranar zaɓe ya kori tsofaffi daga layi, ya ce ubangidansa ya turo shi. Kowannensu yana faɗa da sakin fuska, kamar wanda ya sauke kayan wani a ƙofar gidan mai shi ya karkaɗe riga ya wuce. Abin da muke so mu auna yau shi ne, shin da gaske kayan sun sauka, ko suna nan bisa kansa bai sani ba?

Kafin mu shiga, bari mu ba biyayya haƙƙinta. Da yawanmu mun baro Disina da Yana da Azare da sauran garuruwan ƙasar Katagum, muka zo neman halali a nan. A can aka tarbiyyantar da mu kan cewa bin na gaba bin Allah ne. Yaro ba ya ɗaga ido ya kalli mahaifinsa, almajiri ba ya gardama da malaminsa, in dagaci ya kira taro kowa ya ajiye fartanya ya zo. Wannan tarbiyya ba abin kunya ba ce. Da ita ake haƙa kabari ba a biya kowa ba, da ita ake yin gayya, da ita ake kashe rigima tun ba ta kai caji ofis ba. A zango ma, da ba don muna jin maganar Sarkin Hausawa da dattawa ba, da tuni masu gari sun gaji da mu. Garin da kowa ke gaban kansa ba ya zaunuwa. Don haka duk wanda ya ɗauka wannan rubutu izini ne na raina manya, bai fahimce mu ba.

Sai dai kowane abu yana da iyaka, ko mudu in ya cika zubewa yake. Iyakar biyayya kuwa tun zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka shata ta. Bukhari da Muslim sun kawo labarin wata runduna da ya tura, ya naɗa mata shugaba, ya kuma umarce su da su yi masa ɗa'a. A hanya suka ɓata wa shugaban rai, sai ya sa suka tara itace suka hura wuta, sannan ya tuna musu cewa an ce su bi shi, ya ce su faɗa cikinta. Wasu har sun yunƙura, wasu suka riƙe su, suna tunatar da juna cewa ai gudun wuta ne ya kai su ga Manzo tun farko. Suna cikin haka wutar ta mutu, fushin shugaban ma ya huce. Da labari ya isa Madina, Manzon Allah bai yaba wa waɗanda suka yunƙura ba. Ya nuna cewa da sun shiga da ba su fito ba, ya kuma bayyana cewa a cikin abin kirki kaɗai ake yin ɗa'a.

Mu lura da kyau. Wannan shugaba ba ɗan ƙwace ba ne, Manzo da kansa ya naɗa shi. Duk da haka naɗin bai mayar da mummunan umarni kyakkyawa ba. To, ina ga kansila ko ciyaman ko maigidan shago? Ashe karin maganar iyayenmu ma in aka duba ta da idon basira, sharaɗinta yana cikinta. Bin na gaba ya zama bin Allah ne saboda Allah ya yi umarni da shi. Ranar da na gaba ya juya wa Allah baya, wanda ya ci gaba da bin sa ya san ba Allah yake bi ba. Sayyidina Abubakar ma a hudubarsa ta farko bayan mubaya'a haka ya gindaya wa kansa: a bi shi muddin yana bin Allah da Manzonsa, in ya saɓa kuwa ba shi da haƙƙin biyayya a kan kowa.

Mu da muka tashi muna biya Ahalari da Ishmawi da Risala, ya kamata mu san abin da ya sami mai mazhabar da muke bi. A zamanin halifa Mansur, wajen shekara ta 146 bayan hijira, hukuma tana tilasta wa mutane yin mubaya'a da rantsuwar saki. Imamu Malik kuwa yana karantar da cewa sakin wanda aka tilasta ba ya aukuwa. Masu mulki suka gane inda maganar ta dosa: in sakin dole bai ɗauru ba, mubaya'ar dole ma ba ta ɗauru ba ke nan. Gwamnan Madina, Ja'afar ɗan Sulaimanu, ya hana shi faɗa. Malik bai daina ba. Aka yi masa bulala har kafaɗarsa ta goce. Abin mamaki, bai tara mutane ya ce a ƙona gidan gwamna ba, bai kuma canja fatawarsa ba. Ya ƙi abin da aka ce ya yi, ya haɗiye azabar, ya koma kan buzunsa yana karantarwa har ya rasu a 179. Yau ko'ina ka je a ƙasar Hausa ana kiran sunansa da neman rahama, shi kuwa Ja'afar sai mai bin littattafan tarihi ke tuna shi.

Mu dawo gida. Wajen 1788, da Babbar Sallah, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami ya yi musu kyauta mai tsoka. Da aka zo kan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo aka miƙa masa zinariya, sai ya ƙi karɓa. Ya nemi abu 5 a madadinta: a bar shi ya yi wa'azi a ƙasar, kada a hana kowa amsa kiransa, a mutunta masu rawani, a saki waɗanda ke tsare, kada kuma a ɗora wa talakawa harajin da ya fi ƙarfinsu. Bawa ya amince. Mu 'yan kasuwa mun fi kowa sanin abin da Shehu ya yi a ranar. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da ya sa zinariyar a aljihu, da bakinsa ya yi nauyi ranar da ake bukatar ya buɗe shi.

Ranar kuwa ta zo. Nafata ya hau, ya kafa dokar hana wa'azi da hana maza rawani da hana mata lulluɓi. Bayansa Yunfa ya hau, aka far wa mutanen Abdussalami a Gimbana aka kwashe su bayi. Daga baya Yunfa ya aika wa Shehu cewa ya ɗebi iyalinsa ya fita daga Degel ya bar jama'arsa. Ma'anar saƙon a fili take: tsira da ranka, ka bar mana su. Shehu ya mayar da amsa cewa ba zai rabu da jama'arsa ba, amma zai bar wa sarki ƙasarsa. A watan Fabrairu na 1804 suka yi hijira zuwa Gudu. Daga wannan ƙin ne tutoci suka fita, ɗaya ta zo hannun Malam Zaki wanda ya kafa Katagum ya haɗe ƙasar Shira. Ke nan sarautar da kakanninmu na Disina suka yi wa biyayya, ita kanta daga kalmar "a'a" ta samo asali.

Amma mulki abu ne mai sa mantuwa. Tun Shehu na da rai ƙaninsa Abdullahi ya ga alamun son duniya a cikin jama'a, har ya bar su ya nufi gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi ya rubuta musu Liya'ul Hukkami kan yadda ake mulki da adalci. Da Turawa suka ci ƙasar a 1903, suka bar sarakuna a kan gadajensu suka riƙa bi ta hannunsu. A lokacinsu ne aka mayar da hedikwatar Katagum zuwa Azare a 1916. Tsofaffinmu ba su manta zamanin En'e ba: haraji, jangali, aikin tilas na hanya da noman gandu, ga 'yan doka, ga gidan yari. Bature a ofis yake, bai taɓa shiga rumbun kowa ba. Wanda ya shiga ya kwashe hatsin ɗan gari ne, mai sallah, mai azumi, wanda in ka tambaye shi zai ce an ce ya yi.

Waɗanda suka fara karya wannan ƙwarya su ma ba daga nesa suke ba. Malam Sa'adu Zungur ɗan Bauchi ne, Malam Aminu Kano ma ya koyar a makarantar Midil ta Bauchi kafin a kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950. Babban darasin da suka koya wa talaka shi ne ya san yana da bakin cewa ba zai yi aikin da ba a biya shi ba, ba zai ba da abin da doka ba ta ce ya bayar ba. An ɗaure su, an yi musu bulala, an kore wasu daga garuruwansu. Hajiya Gambo Sawaba kaɗai an ɗaure ta har sau 16. Sai a 1979 gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Ko mutum ɗan wace jam'iyya ne gidansu, ya san yau yana cin moriyar bulalar da waɗancan suka sha.

Ko a zamaninmu ba a rasa ba. Da gwamnatin soja ta Janar Babangida ta soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, Kanar Abubakar Dangiwa Umar, wanda ya taɓa yin gwamnan Kaduna kuma yake shugabantar makarantar sojojin tankokin yaƙi a Bauchi, ya ƙi goyon bayan sokewar. Yana cikin na kusa da shugaban, ga ƙarin girma na jiran sa, amma a shekarar ya ajiye kaki. A Legas kuma, a watan Yuli na 2014, wani ɗan Laberiya mai suna Patrick Sawyer ya sauka da cutar Ebola a jikinsa. Jami'an ƙasarsu suka matsa wa asibitin lamba a sallame shi ya tafi taro Kalaba. Likitar da ke duba shi, Dokta Stella Adadevoh, ta ce ba inda za shi. Ita kanta ta kamu, ta rasu ranar 19 ga Agusta. Cutar ta tsaya kan mutum 20 a duk Nijeriya, 8 suka mutu. Mu da muke kwana goma-goma a ɗaki ɗaya a zango, mu kwatanta da ta ji tsoron manya ta buɗe masa ƙofa.

To, a nan mai hankali zai ce: Malam, in kowa zai riƙa auna umarni da kansa kafin ya bi, ai gari ya watse. Kowane ɗan iska zai ce zalunci aka yi masa. Malamai ma ba sun yi ta gargaɗi kan fitina ba? Wannan magana tana da nauyi, kuma ba za mu yi mata riƙon sakainar kashi ba. Mun ga abin da ya faru a jihohinmu na arewa maso gabas da wasu suka ce ba su yarda da hukuma ba suka ɗauki bindiga. Marayun da suka bari har yau ba a gama ƙirga su ba. Amma amsar tana cikin bambance abubuwa biyu da ake cuɗawa. Tawaye shi ne ka ɗaga hannunka a kan hukuma. Ƙin aikata zalunci kuwa shi ne ka janye hannunka daga kan ɗan'uwanka. Na farko jini yake zubarwa, na biyu jini yake tsarewa.

Umarni kuma iri-iri ne. Akwai mai nauyi amma ba saɓo a cikinsa: a ce a biya kuɗin rumfa, a ce a matsa daga bakin titi, a ce kada a fita da dare. Wannan sai a bi, in da ƙorafi a kai shi ta hanyar da ta dace, ta bakin dattawa ko ƙungiyar 'yan kasuwa ko kotu. Wanda ya ƙi irin wannan don bai yi masa daɗi ba, taurin kai ke damun sa, kada ya jingina shi ga addini. Akwai kuma wanda zalunci ne amma a kanka kaɗai ya faɗa, kamar a ci ka tarar da ba ta dace ba. Nan kana da zaɓi, ka nemi haƙƙinka ko ka yi haƙuri ka bar wa Allah, duka biyun babu laifi. Sai na ƙarshe, wanda ake so a ari hannunka ko bakinka ko sa hannunka a cuci wani. Ka yi shaidar zur, ka nuna gidan da za a kama mara laifi, ka rage awo, ka canja alƙaluman ƙuri'a, ka doki wanda ke tsare. Wannan shi ne wanda ba ka da ikon yin haƙuri a kansa, domin haƙƙin ba naka ba ne balle ka yafe.

Wani zai ce, in an tilasta ni fa? Shari'a ta san tilas. Da mushirikan Makka suka gana wa Ammaru ɗan Yasir azaba har ya furta abin da suke so, an karɓi uzurinsa tunda zuciyarsa tana kan imani. Amma malamai sun haɗu a kan cewa tilas ba ya halatta wa mutum kashe wani, don ransa bai fi na wancan daraja ba. Sannan mu faɗa wa juna gaskiya, mafi yawan abin da ake kira tilas a yau ba takobi ba ne a wuya. Tsoron a ɗauke ka daga wuri mai maiƙo ne, tsoron Alhaji ya daina ba ka kaya bashi ne, tsoron a cire sunanka daga rabon taki ko kujerar Makka ne. Waɗannan asara ce, ba mu musa ba. Sai dai sunansu asara, ba tilas ba.

Hausawa na cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. Da can ana faɗar haka ne don a wanke sarki, amma akwai wata gaskiya a ƙarƙashinta. Duk ƙarfin azzalumi hannu biyu gare shi kamar kowa. Ba zai iya rushe gida shi kaɗai ba, ba zai iya cika akwatin zaɓe ɗari shi kaɗai ba. Sai ya sami direba, ya sami akawu, ya sami mai riƙe ƙofa, ya sami malamin da zai shafa fatiha a ƙarshe. Kowannensu yana ganin nasa ɗan kaɗan ne, alhali da kaɗan-kaɗan ɗin aka haɗa aikin. Shi ya sa zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Wanda aka cuta ba ya ganin mai odar, fuskarka ya gani, kuma ita zai nuna ranar da ba lauya.

Dokar ƙasa ma ba ta tsaya wa ɗan aike ba. Tun shari'ar da aka yi wa manyan Jamus a Nuremberg bayan yaƙin duniya na biyu, a 1945 da 1946, duniya ta ƙi karɓar "an umarce ni" a matsayin abin da ke wanke mutum. A Nijeriya dokar hana azabtarwa ta 2017 ta ce umarnin na gaba ba hujja ba ne ga wanda ya azabtar da wani. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama mutum a madadin ɗan'uwansa da ake nema, ta kuma hana a kama mutum kan rikicin bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai. Wannan ya shafe mu ƙwarai. In aka zo wa mai unguwa ko shugaban 'yan kasuwa aka ce ya miƙa ƙanen wane har wane ya fito, ya sani in ya ce ba zai yi ba, doka tana bayansa. Haka attajirin da ke tura 'yan sanda su kulle wanda yake bi bashi, ya sani shi ma yana sa wasu yin abin da aka hana su.

Mun san zaman zango yana da nasa rauni. Baƙo raɓa ne, in ji masu magana, kuma kullum ana tuna mana. Dattawanmu ba su manta yadda gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi mako 2 su tattara su fita a watan Nuwamba na 1969 ba. Don haka in oda ta zo daga hukuma ko daga masu gari, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne a lallaɓa a rabu lafiya, ko da za a sadaukar da mutum ɗaya. Amma mu tuna, zangon da ya saba miƙa mara laifi don ya sayi kwanciyar hankali, gobe za a dawo a nemi wani, kuma farashin hawa zai riƙa yi. Haka kuma zangon da ke ɓoye mai laifi don ɗan gida ne, ya jawo wa kowa. Mai laifi a miƙa shi da rana tsaka gaban shaidu, mara laifi a tsaya masa. Masu gari in suka ga muna riƙe da duka biyun, za su fi ganin girmanmu.

Yaya ake ƙin? Ba sai an yi ashar ba, ba sai an ɗauki bidiyo an watsa a Facebook ba. Mu dubi Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi ta jihar Filato, wanda asalinsa mutumin jihar Bauchi ne, zama ya kai shi can kamar yadda ya kawo mu nan. Ranar 23 ga Yuni 2018 'yan bindiga suka far wa yankin, ya ɓoye mutum 262, akasarinsu Kiristoci, a masallaci da gidansa. Waɗanda suka zo ba hukuma ba ne, amma a wannan sa'a bindiga ce ke mulki. Suka ce ya fito da su. Dattijo mai shekara 83, ba ko sanda a hannunsa, ya zube ƙasa yana roƙon su, ya nuna musu gara su fara da shi, amma ƙofar bai buɗe ba. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Harshe ya yi laushi, ƙafa ta kafe. Mutum na iya cire hula ya ce: "Ranka ya daɗe, ka sa ni kowane aiki zan yi, amma wannan ka gafarce ni." In ma'aikaci ne ya ce a ba shi odar a rubuce, sau da yawa nan take maganar ke mutuwa, don mai mugun umarni ba ya son ganin sa hannunsa a ƙasan takarda.

Ba za mu yi wa kowa alkawarin cewa zai ƙi ya kwana lafiya ba. Malik ya sha bulala, Shehu ya bar gidansa, Kanar ya rasa aikinsa, likita ta rasa ranta. Wani ma zai ƙi, a kore shi, a kawo wani ya yi aikin, kuma ba jaridar da za ta buga sunansa. Ga yara, ga kuɗin haya, ga mai gida a Disina tana jiran aike. Nan ne nauyin ya dawo kanmu mu jama'a. Mutum ɗaya ba ya iya ɗaukar gaskiya shi kaɗai ya daɗe. Abin takaici ne a ce yaro ya ƙi yin algus an sallame shi daga shago, sannan a majalisa a riƙa ce masa wawa, bai san inda ke masa ciwo ba. Wanda ya ji haka, gobe ba zai sake ba, ƙannensa ma sun koyi darasi. Muna da asusun biki da na jana'iza da na gyaran masallaci. Me zai hana ƙungiyarmu ta ajiye wani abu don wanda ya rasa abincinsa saboda ya ƙi cutar wani? In ba kuɗi, a sama masa gurbi a wata rumfa, a ba shi kaya ya juya, a tsaya masa wurin neman aure. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Kada kuma mu ɗauka hukuma sai mai jiniya. Kowane magidanci a cikinmu na gaba ne ga wani. Maigida hukuma ne a shagonsa, uba hukuma ne a gidansa, malam hukuma ne a tsangayarsa. Yaron da ya ce maka "Alhaji, ba zan iya rantsewa a kan wannan farashi ba", kada ka kore shi, shi ne wanda za ka iya bar wa makullin sito ka tafi Hajji. Wanda ya yarda ya cuci mai saye dominka, ranar da ka juya baya kai zai cuta. 'Yar da ta ce ba ta son wanda aka zaɓa mata, a saurare ta, ai Manzon Allah ya warware auren Khansa'u 'yar Khizamu da mahaifinta ya ɗaura ba da son ta ba. Mu da kan ja sallah in liman ya yi tafiya, mun san in muka yi kuskure a raka'a mamu ne ke cewa subhanallahi, kuma in liman ya miƙe zuwa ta biyar wanda ya tabbata ba ya bin sa. Sau 5 kullum ake koya mana wannan darasi a sahu, bai kamata mu bar shi a ƙofar masallaci tare da takalma ba.

Ƙarfin zuciya irin wannan ba ranar gwaji ake nemo shi ba, tun kafin nan ake tara shi kamar adashi. Wanda ya saba mayar da canjin da aka yi masa kuskure, ya saba ƙin kyautar da bai san dalilinta ba, ya rage cin bashin da zai sa shi sunkuyar da kai, ya koyi sana'a ta biyu ko da ƙarama ce, shi ne zai iya buɗe baki ranar da aka zo da babbar. Wanda cikinsa ke hannun wani, harshensa ma yana can. Mu koya wa 'ya'yanmu gaisuwa da durƙuso kamar yadda aka koya mana, mu kuma koya musu cewa akwai abin da ko mu iyayensu muka ce su yi, ba za su yi ba.

Allah ya ba shugabanninmu mashawarta na gari, ya ba mu ikon bin su cikin alheri, ya tsare hannayenmu daga zama sandar da za a doki bawansa. Allah ya zaunar da zangonmu lafiya, ya kai rahama kabarin iyayenmu na gida da na nan. Amin.